Shafin kanka a intanet: abin da ya sauƙaƙa da abin da har yanzu ke wuyanka

Malamin makaranta da ke son tattara darussansa wuri guda, ko mai ɗinki da ke son nuna kayanta, ko marubuciyar da ta gaji da ganin labarinta yana yawo a WhatsApp an goge sunanta, kowannensu zai iya buɗe shafin intanet na kansa tsakanin magariba da isha'i, da wayar hannu kawai. Shekara ashirin da biyar baya, wannan aiki sai wanda ya karanci kwamfuta, ko mai kuɗin ɗaukar wanda ya karanta. Da yawa sun ɗauka zamani ne kawai ya zo da sauƙin, kamar yadda yake zuwa da komai. In aka duba da kyau, shingaye ne daban-daban aka yi ta karyawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shekararsa da mutanen da suka karya shi, kuma akwai waɗanda har yau suna nan tsaye. Wanda ya san wanne ya faɗi, wanne ya rage, shi ne zai zaɓi kayan aiki da idonsa a buɗe.

Kowane shafi, komai girmansa, abu uku ne aka haɗa. Akwai kayan da ke cikinsa, wato rubutu da hotuna. Akwai kwamfutar da ke ajiye da kayan, wadda ba a kashe ta dare da rana, ita ake kira sabar. Sannan akwai suna, adireshin da mutum zai rubuta ya iso wurinka. Tun ranar farko haka abin yake. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Geneva, shi ya gabatar da shawarar yanar gizo a 1989, shafin farko kuma ya fito ga jama'a a 1991. Ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa, ba lasisi ba kuɗin fito. Ƙofa dai ta buɗe tun lokacin, sai dai shiga ta cikinta na buƙatar ilimi.

Ga yadda aikin yake a wancan zamani. Za ka buɗe farar takarda a kwamfuta ka rubuta komai da HTML, harshen da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke ganewa. Kowace sakin layi sai ka sa mata alamar buɗewa da ta rufewa. Kana son kalma ta yi kauri, ka sa alama a gabanta da bayanta. In ka mance ta bayan, duk abin da ya biyo har ƙarshen shafi sai ya fito da kauri, ka zauna kana bin layi ɗaya-ɗaya kana neman inda ka yi tuntuɓe. In ka gama, ka buɗe wata manhaja dabam ta FTP, ka shigar da sunan sabar da lambar sirri, ka tura fayil ɗin. Harafi ɗaya ka gyara, sai ka sake turawa. Babbar wahalar tana zuwa ne in shafin ya girma. Mai rubutu hamsin da ya so ƙara lambar wayarsa a ƙasan kowane shafi, dole ya buɗe fayil hamsin ya gyara su da hannu. Shi ya sa shafukan mutane da yawa na lokacin suka tsaya a rubutu uku ko huɗu, aka bar su haka nan.

Shingen da ya fara faɗuwa shi ne na wurin ajiya. GeoCities, wanda aka kafa a Amurka a 1994, ya riƙa ba mutane fili kyauta a sabar ɗinsa, shi kuma yana liƙa talla. Miliyoyi suka yi rububi, har Yahoo ya saye shi a 1999 kan sama da dala biliyan 3. Amma aikin hannu bai ragu sosai ba.

Sauyin da na fi ba muhimmanci ya zo ne da Blogger a 1999, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Pyra Labs ya fitar, Google kuma ya saye shi a 2003. Dabarar da ya yaɗa mai sauƙin faɗa ce: a raba rubutu da zane. Kai dai akwati za ka gani, ka rubuta abin da ke ranka, ka danna maɓalli. Manhajar ce za ta ɗauki rubutun ta zuba shi cikin samfurin da ka zaɓa, ta sa kwanan wata, ta tura na jiya ƙasa, ta jera tsofaffi wata-wata. Lambar wayar nan da a da sai ka buɗe fayil hamsin, yanzu wuri ɗaya za ka rubuta ta, ta bayyana ko'ina. Wanda ya gaji da launin shafinsa zai canza samfuri gaba ɗaya ba tare da ya taɓa kalma ko ɗaya ba. Daga nan ne mai rubutu ya koma mai rubutu kawai, ya daina zama rabin injiniya.

A watan Mayun 2003 Matt Mullenweg, ɗalibi ɗan shekara 19 a Texas, tare da Mike Little na Ingila, suka fitar da WordPress. Ba daga tushe suka faro ba. Wata manhaja ce mai suna b2 da mai ita ya daina kula da ita suka ɗauka suka ci gaba, kuma lasisinta na GPL ne ya ba su damar yin haka. Wannan lasisi ya yarje wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba, matuƙar shi ma zai bar wa na baya irin wannan dama. Amfanin hakan ga mai shafi a fili yake: kana iya ɗora WordPress a sabar kowane kamfani, a Legas ko a Frankfurt, in kun saɓa ka kwashe kayanka ka koma wani. Yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke tafiya, daga na ɗalibi har na manyan jaridu. Sai dai a lura, abu biyu ne ke amsa wannan suna. Akwai manhajar kanta da kowa ke saukewa kyauta, akwai kuma WordPress.com, kasuwancin kamfanin Automattic da aka buɗe a 2005, mai ba ka shafi a shirye. Masu farawa kan rikita su.

Bayan haka sai masu ja-ka-ajiye suka shigo, irin su Squarespace da Wix, inda za ka kama hoto da linzami ka kai shi inda kake so, ka ga shafin yadda zai fito tun kana gina shi. WordPress ma ya bi sahu a ƙarshen 2018 da sabon editansa mai suna Gutenberg. Masu ja-ka-ajiyen ne aka fi tallatawa, amma a ganina gudummawarsu ba ta kai ta wasu abubuwa biyu da ba a cika ambata ba.

Na farko tsaro ne. In adireshi ya fara da https, abin da ke wucewa tsakanin mai karatu da sabar a lulluɓe yake, na tsakiya ba zai karanta ko ya cusa wani abu ba. Samun wannan na buƙatar takardar shaida, wadda a da ake saye da dala duk shekara, a kuma ɗora ta da ƙwarewa. Talaka mai ƙaramin shafi haƙura yake yi. A ƙarshen 2015 wata ƙungiya da ba ta neman riba, da goyon bayan Mozilla da EFF, ta buɗe Let's Encrypt, tana raba takardun kyauta, kuma manhaja ce ke sabunta su da kanta kafin wa'adinsu ya ƙare. Abin ya zo a kan gaɓa, domin daga Yulin 2018 burauzar Chrome ta fara rubuta wa duk shafin da ba shi da wannan kariya gargaɗin cewa ba amintacce ba ne. Da ba a samu ta kyauta ba, da wannan gargaɗi kaɗai ya isa ya kori masu ƙananan shafuka da yawa. Yanzu mafi yawan masu buɗe shafi ba su ma san an yi musu wannan aiki ba.

Na biyu waya ce. A 2010 wani mai zane, Ethan Marcotte, ya bayyana tsarin da shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da faɗin allon da aka buɗe shi, ko na kwamfuta ko na waya. Kafin nan sai a gina shafi biyu, ko kuma mai waya ya yi ta jan rubutu hagu da dama. Samfuran zamani duk da wannan tsari suke zuwa. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda akasarin mutanenmu ta waya suka fara sanin intanet, da yawa kuma ba su taɓa mallakar kwamfuta ba. Waɗanda suka riski zamanin ƙananan wayoyi masu maɓalli za su tuna samarin da suka riƙa haɗa shafukan sauke waƙoƙi da hotuna a Wapka, da babban yatsa kawai. Yau Blogger da WordPress duk suna da manhajar Android. Mutum zai ɗauki hoto, ya yi rubutu, ya wallafa yana cikin A Daidaita Sahu.

Akwai kuma shingen da ya shafe mu kai tsaye, wanda tarihin da ake rubutawa a Turai ba ya kawo shi: haruffa masu lanƙwasa. Kwamfutocin farko ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ceci madaba'o'i da ɗalibai da marubuta, aka buga littattafai da kundaye masu yawa da su. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi da Hausa ba ta cika amfani da su ba, a zana haruffanmu a kai. A takarda komai lafiya. Matsalar tana fitowa ne in aka kwafi rubutun aka kai intanet, inda mai karatu ba shi da salon a na'urarsa: sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya", "ɓarawo" ya koma "~arawo". Har gobe za ka ci karo da maƙalun ilimi masu daraja a intanet da wannan tabo a jikinsu. Munin gani ma shi ne ƙaramar illar. Ɗalibin da ya rubuta "ƙasar Hausa" a wurin bincike, da wuya ya iso ga takardar da a wajen na'ura "}asar Hausa" take ɗauke da shi. Ilimin yana nan a ajiye, amma mai nema ba zai same shi ba.

Abin da ya warware wannan shi ne Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin, da kuma UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. An ɗauki shekaru kafin ta game duniya, amma yau fiye da kashi 95 cikin 100 na shafuka da ita suke aiki, kuma duk manhajar wallafa ta zamani da ita take zuwa. Haɗa wannan da allon rubutu na waya irin Gboard, wanda ke da Hausa, sai ka ga ƙ ɗin da aka rubuta a Zinder ita ce ake karantawa a Kumasi da Khartoum. A wajena wannan ya fi duk wani kyakkyawan samfuri daraja. Saura ƙiris dai: wasu salon haruffa na ado ba a zana musu haruffanmu ba, sai ka ga ƙ ta fito a tsakiyar kanun labari da wata siffa dabam, ta fi 'yan'uwanta tsawo ko siranta. Kafin ka zaɓi samfuri, rubuta jimla mai ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, a kanu da cikin rubutu, ka duba a waya. Salon Noto na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk suna da su cikakku.

Wata hanya kuma ta ɓullo wadda ta koma ga sauƙin farko ba tare da wahalarsa ba. Za ka yi rubutu a fayil na zallar rubutu da tsarin Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, inda tauraro biyu a gefen kalma ke nufin a kaurara ta. Sai wata manhaja irin Jekyll ta 2008 ko Hugo ta 2013 ta mayar da fayilolin cikakken shafi, a ɗora su kyauta a GitHub Pages ko Netlify ko Cloudflare Pages. Babu rumbun bayanai da za a yi wa kutse, babu abin da zai faɗi in mutane suka yi yawa. Shafin kuma ba shi da nauyi. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabait 2. Shafin zallar rubutu zai iya tsayawa ƙasa da kilobait 100. Gigabait ɗaya da zai buɗe irin na farko kusan sau 500, zai buɗe na biyu kusan sau 10,000. Ga mai karatu a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, bayan hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci shi ke raba wanda zai jira shafi ya buɗe da wanda zai rufe ya tafi. Gaskiya dai wannan hanya ba ta kowa ba ce, tana son ɗan karambani da haƙuri. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira da suka yaɗu tun ƙarshen 2022 sun rage mata kaifi, domin suna iya rubuta maka HTML ko su nuna maka inda kuskure yake, amma sukan yi kuskure su ma, kuma wanda bai san komai ba zai sha wuyar gane lokacin da suka kauce.

Mai karatu zai iya cewa, to duk wannan na mene ne, tunda ga Facebook da TikTok, can jama'a suke, kuma kyauta ne? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Sauran rabin yana cikin tarihin abin da ya faru da waɗanda suka ajiye komai nasu a hannun wani. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009. Abin da ya tsira, masu sa kai ne suka yi ta kwafa cikin gaggawa kafin a kashe wuta. A 2019 MySpace ya amsa cewa waƙoƙi kusan miliyan 50 da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya sabar. A shekarar ce Google ya rufe Google+. Zaurukan Yahoo, inda masana da marubutanmu suka tafka muhawara kan finafinai da adabin Hausa a farkon shekarun 2000, an rufe su baki ɗaya a Disambar 2020. Na kusa da mu shi ne OkadaBooks, inda marubuta Hausa da dama, musamman mata, ke sayar da littattafansu. A ƙarshen Nuwambar 2023 ya rufe. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 kuma gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter, masu kasuwanci da a nan kaɗai ake samunsu suka yi wata bakwai a takure. Mai zama a dandalin wani ɗan haya ne: ya share, ya yi fenti, ya saba da maƙwabta, amma ranar da mai gida ya ce zai rushe, sai dai ya nemi inda zai kai kayansa.

Ko dandalin bai rufe ba, yana binne abin da aka ba shi. Malami ya yi dogon bayani kan rabon gado ko tarihin wata masarauta a Facebook, kwana biyu ana ta yabo, bayan wata shida ko shi kansa sai ya yi da gaske kafin ya gano inda yake. Nawa ne daga cikin rubuce-rubuce masu amfani da aka yi da Hausa cikin shekara goma sha biyar da suka wuce suke kwance haka? Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin harshen da mutane miliyoyi ke magana da shi bai kamata rubutunsa ya zama na kwana biyu ba. A shafin kanka, rubutu yana da adireshi tsayayye da za a iya turawa, a ambata a kundin bincike, a dawo masa bayan shekara goma. Ba na cewa shafi maganin komai ne. Gwamnati na iya toshe shi, kuma lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, mai shafi da mai Facebook duk ɗaya suka zama.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara da sauƙin. Buɗe shafi a minti goma bai sa ya zama naka ba. Cikin abubuwa ukun nan, kaya da sabar da suna, sabar ce ta fi sauƙin canzawa. Suna shi ne ke riƙe da komai. In adireshinka ya ƙare da blogspot.com ko wordpress.com ko wixsite.com, reshe ne na sunan kamfanin, ba za ka tafi da shi ba. Duk wanda ya ajiye adireshin, duk takardar da ta ambace shi, duk katin kasuwancin da ka buga, sun ɗaure ka a wurin. In kuwa ka yi rajistar suna naka, kana iya sauya manhaja sau goma mai karatu bai sani ba, domin adireshin da yake rubutawa bai canza ba. Blogger ma, da yake kyauta, yana ba ka damar ɗaura masa sunan da ka saya.

Kuma kar kwaɗayin kyauta ya ja mutum a nan. Shekaru da dama kamfanin Freenom yana raba sunaye masu ƙarewa da .tk da .ml da .ga da .cf da .gq ba ko sisi, matasa da yawa suka gina shafukansu a kai. A 2023, bayan Meta, mai Facebook, ta maka shi a kotu kan yadda 'yan damfara ke amfani da sunayen, ya daina rajista, daga baya ya fice daga harkar, miliyoyin adireshi suka mutu. Dama can a ƙa'idarsa sunan kyauta na kamfanin ne, aro ake ba ka.

Sunan gaskiya kuɗi ake biya duk shekara, kuma nan ne namu shingen yake. Mai ƙarewa da .com yakan kama dala 10 zuwa 15. A farkon 2023, da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, dala 12 ba ta kai naira 6,000 ba. A 2024 da ta haura 1,500, kuɗin ya koma 18,000. Ga kuma matsalar biya: daga 2022 bankunan Najeriya da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Mutum na da kuɗin a asusu amma ba hanyar miƙa su, yana kallo wa'adin sunansa ya cika. Wix da Squarespace da ake yabon sauƙinsu, kuɗin wata-wata suke karɓa da kuɗin waje, lissafin da aka yi shi domin aljihun Amurka da Turai. Mafita mafi kusa ita ce sunan gida. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da .ng, ana sayen .com.ng da danginsa da naira ta hannun dillalan da ta amince da su, akwai kuma kamfanonin ajiye shafi na cikin gida masu karɓar naira. Nijar na da nata .ne, Ghana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne a ba wani yaro mai iya kwamfuta kwangilar shafi, ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa. Makaranta ko ƙungiya ko shago su yi shekaru suna tallata adireshin, ranar da aka saɓa da shi, ko ya canza waya, ko ya bar gari, sai a tarar ba wanda ke da mabuɗi. Shekara na cika sunan ya faɗi, wani ya saye, iyayen yara su buɗe adireshin makaranta su ga tallar caca. Ko wa zai yi maka aikin, rajistar suna ta kasance da imel ɗinka da lambar wayarka, kai ka riƙe lambar sirri, ka kuma rubuta ranar sabuntawa a inda ba za ka mance ba.

Kula da shafi ma aiki ne da babu manhajar da ta ɗauke shi duka. Ƙarfin WordPress yana cikin dubban ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, rauninsa ma a nan yake, domin ta cikinsu masu kutse suka fi shigowa, musamman waɗanda aka bari ba a sabunta ba. Mafi haɗari su ne samfuran kuɗi da ake rabawa kyauta a zaurukan Telegram; sau da yawa an riga an dasa musu ƙofar baya. Wanda ba shi da lokacin sabuntawa da ajiye kwafi, gara ya zauna a Blogger ko WordPress.com inda kamfani ke wannan aikin, ya ɗaura sunansa a kai. Ba abin kunya ba ne.

Shafi kuma ba ya kawo masu karatu da kansa. Masu fafutukar da ake kira IndieWeb suna da tsari mai kyau a kan wannan: ka fara wallafawa a shafinka, sannan ka kai gutsure da adireshi Facebook da WhatsApp inda jama'a suke. Batun samun kuɗi ma da sauran tafiya. Shekara da shekaru Hausa ba ta cikin jerin harsunan da tsarin talla na Google AdSense ya amince da su, kuma ina ganin hakan na daga cikin abin da ke tura masu shafukan Hausa cusa Turanci ko bin labaran gulma don neman dannawa. Wanda ke da abin sayarwa, littafi ko darasi ko kaya, ya fi samun madafa, tunda Paystack da Flutterwave sun sauƙaƙa karɓar naira kai tsaye a shafi. Sannan yawancin waɗannan manhajoji da Turanci ko Faransanci ake sarrafa su, don haka malamin da ya ƙoshi da ilimin Larabci da ajami amma bai yi boko ba, har yanzu sai ya nemi ɗa ko ɗalibi ya zauna kusa da shi.

Idan za a tambaye ni ma'auni ɗaya na zaɓen manhaja, zan ce a duba ƙofar fita kafin a shiga. Blogger da WordPress da Ghost duk suna ba ka damar sauke rubutunka gaba ɗaya a fayil, WordPress kuma yana iya karɓar abin da aka kwaso daga Blogger. Mai amfani da Hugo ko Jekyll, fayilolinsa dama suna hannunsa. Wix kuwa ba ya barin a ɗauke shafin da aka gina a kansa a kai wata sabar. Mai son tashi sai ya sake gini. Gwajin ba ya cin lokaci: ka wallafa rubutu biyu ko uku, ka nemi maɓallin fitar da kaya, ka sauke fayil ɗin, ka buɗe shi ka tabbatar rubutunka na ciki da haruffansa daidai. Ka duba ko hotuna sun biyo, domin fayil ɗin da WordPress ke fitarwa adireshin hotunan kawai yake ɗauka, su kansu sai an kwashe su daban. Daga nan ka mayar da saukewar al'ada, ko sau ɗaya a wata, kwafi ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a wani wuri dabam.